Ranar da Ba-Gudu Ya Ga Dorina

Kafin a fara kiransa Ba-Gudu, Tela kawai ake ce masa. Shagonsa yana bayan tashar manyan motoci, tsakanin mai faci da mai walda, kuma ba riguna yake ɗinkawa ba. Tamfol ne aikinsa, da rigar kujerar mota, da rumfar 'yan kasuwa. In ya sunkuya a kan keke, hancinsa kamar zai taɓa allura, sai ya fitar da ɗinkin da ko ruwan sama ba ya samun hanyar shiga. Zare kuwa sau ɗaya yake zura shi a kafar allura, ko da magariba ta kawo jiki.

Abin da ba wanda ya sani, har shi kansa, shi ne duniyarsa ba ta wuce 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ba. Bayan nan sai hayaƙi-hayaƙi da launuka masu motsi. Haka aka haife shi, saboda haka ya ɗauka haka kowa yake gani. A firamare, da yake dogo ne, bencin baya aka ajiye shi. Ya yi shekaru yana kallon malami yana goga alli a jikin allon da babu komai a kansa, yara kuma suna ta kwafa, shi kuwa yana mamakin yadda aka haɗa baki da su duka. Da mahaifinsa ya gaji da ganin sakamakon jarrabawa, sai ya kama hannunsa ya kai shi koyon ɗinki.

In wani ya ce ya hango tsuntsu a kan bishiyar can nesa, murmushi kawai Tela yake yi. Ya san mutane da son cika baki, kuma shi ba mai ƙaryata mutum a gaban jama'a ba ne.

Bayan aurensa ya taɓa wuce surukinsa a hanya bai gaishe shi ba, aka daɗe ana kai gwauro ana kai mari kafin tsohon ya huce. Daga ranar ya yanke wa kansa hukuncin gaida duk abin da ya kai tsayin mutum. Ya gaida turakun wutar lantarki, ya gaida famfon unguwa, ya taɓa rusuna wa buhunan gawayi da aka jera a ƙofar wani gida har ya tambaye su iyali. Unguwa ta shaide shi da ladabi da barkwanci. Matarsa, gajerar mace mai saurin magana wadda take sayar da ƙanƙara a gida, ita ta fi kowa yabon haƙurinsa. Ko me ta yi masa daga ƙofar ɗaki, murmushi yake mayar mata.

Yayan matar tasa ne ya jawo masa daji. Da can direban lori ne, sai ya sayar da motar ya sayi babban kwalekwale mai inji da tantuna 'yan gwanjo, ya buɗe kamfanin kai baƙi yawon buɗe ido. A bi kogi sama har cikin kurmi, a kafa sansani a bakin ruwa, a kalli namun daji a dawo. Ya kuma sa kowa ya riƙa kiransa Manaja, har mutanen gidansa.

"Tela, tantunan nan sun zama rariya," ya ce masa wata rana a ƙofar shago. "Baƙi sun ce daga kan gado suke kallon taurari. Ka biyo mu tafiya ɗaya ka gyara su a can."

"Yaya, me zai hana a kawo su shago?"

"In na kawo su shago, a aljihuna baƙin za su kwana?"

"Akwai namun daji a wurin?"

"Su ne ma hajar tamu."

Tela ya so ya zame, amma matarsa ta riga ta haɗa masa jaka.

Matuƙin kwalekwalen wani dattijo ne da ake ce wa Kyaftin. Ƙarar inji ta daɗe da cinye masa kunne, don haka duk abin da aka faɗa masa, daɗi ko rashin daɗi, "Madalla" yake cewa. Suka yi ta tafiya, gari ya ƙare, gonaki suka ƙare, bishiyoyi suka rufo kogin ta kowane gefe. Baƙi suna ta nune-nune da ɗaukar hoto. Tela ya duba hagu kore, ya duba dama kore, ya ja hularsa ya yi barci.

Washegarin isarsu, da hantsi, ya ja wani yagaggen tanti zuwa gindin bishiya a gefen fili, ya zauna da basilla da zare. Ya ji Manaja yana cewa a safiyar za a ɗaga babbar tamfol mai ruwan toka a yi rumfar girki. Yana cikin aiki sai surutun baƙi ya ɗauke ɗif, ya ji ƙafafu suna sanɗa zuwa bakin ruwa. Bai kula ba. Abin da ya dame shi shi ne haskensa da ya ragu. Ya ɗaga ido ya ga wani ƙaton abu mai ruwan toka ya tsaya 'yan taku a gabansa, gefe-gefensa suna kaɗawa a iska.

"Yaya, ba nan za ku kafa ta ba," ya ce, ya mayar da kai kan ɗinkinsa. "Kun tare mini haske. Ku matsa da ita can."

Abin ya yi wani dogon huci.

"Na san da nauyi. Ku dai daure ku matsa." Ya kaɗa hannu. "Kuma ku daina jan ta a ƙasa, in ta yage ni za a kawo wa."

Giwar ta tsaya jim, ta karya reshe a saman kansa ta tura a baki, sannan ta juya ta shige kurmi a hankali. Haske ya dawo, Tela ya ce yauwa.

Da mutanen suka fito daga cikin kwalekwale inda suka cushe kan juna, suka yanyame shi. Wata baƙuwa tana hawaye, wani yana girgiza masa hannu kamar zai cire shi. Manaja ya ce masa giwa ce ya kora. Tela ya yi dariya har da buga cinya. Ya san irin wannan wasan. A tasha ma in sabon yaron mota ya zo, aikensa ake yi ya sayo iskar taya a leda.

"Giwa ce?" ya ce. "To in ta dawo ku gaishe ta."

Manaja ne tafinta tsakaninsa da baƙi, kuma abin da ya ga dama yake fassarawa. Ko me ya faɗa musu, sai da suka yi tafi. Aka nuna wa Tela hoton da wani ya ɗauka, ya kawo shi dab da hanci, ya ga kansa zaune ga giwa tsaye a kansa. Ya jinjina wa gwanintar mai hoton. Mai hoton tasharsu ma ya taɓa ɗaukarsa a gaban jirgin sama, shi da bai taɓa taka filin jirgi ba.

Kafin su koma gari sunan Ba-Gudu ya bi shi. Manaja ya sa aka zana hoton a babban allo a ƙofar ofis, ya ɗinka masa kaki da hular malafa, ya ce daga yau shi ne jagoran baƙi. Ba-Gudu ya ce shi bai san komai a kan daji ba. Manaja ya ce wannan tawali'un ma baƙi suna so.

Haka ya shiga aikin, har ya yi furfura a cikinsa. Dokokin zaman daji da kunne ya koye su a bakin ma'aikatan gandun dajin, yana kuma maimaita wa baƙi da murya mai nauyi: kada a kwana da abinci a cikin tanti, a zuge zif, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, in an yi kiciɓis da dabba kada a ruga. Ta ƙarshen ce ya fi kowa kiyayewa. Nuna dabbobi kuwa bai taɓa ba shi wahala ba. Sai ya tsaya a gaban kwalekwale, ya ɗaga hannu a yi shiru, ya nuna duk inda hannun ya faɗa ya ce, "Ku duba can da kyau." Kurmi ne, ko ina ka duba da kyau sai ka ga wani abu. Baƙi su yi ta mamakin kaifin idonsa.

In an iso masauki, shi ake fara turawa ya sauka ya ɗaure jirgi. Ya tsallake gumagumai da ke kwance a kan yashi, wani lokaci gungumen ya ja jiki ya faɗa ruwa, ya ce zaizayar ƙasa ta yi yawa a bana. Gurnani yana jin sa, amma tun da ba ya ganin mai yin sa, ya san daga nesa ne. Kyaftin kuwa yana ganin mai gurnanin amma ba ya jin sa, don haka shi ma hankalinsa kwance. Da su biyun nan aka yi shekaru ana ratsa kurmi da 'ya'yan mutane, kuma cikin ikon Allah ko ƙwarzane ba wanda ya taɓa yi.

Ba wai ba shi da tsoro ba. Abin da yake iya gani yana tsoronsa ƙwarai. Kwarkwasa ɗaya in ta hau masa wando sai ya yi tsalle ya cire shi a gaban kowa. Gizo-gizo ya taɓa hana shi shiga tantinsa wuni guda. Manaja ya bayyana wa baƙi cewa wannan shi ne zurfin ilimin daji: gwani ya san ƙanana ne abin tsoro. Wasu har rubutawa suke yi.

Wani baƙo ya taɓa miƙa masa madubin hangen nesa. Ya kanga a ido yana murza shi, sai ga kan ɓauna ya cika masa fuska, da ƙahoni da ƙudaje da majina. Ya sauke, ya duba gabansa, ba komai sai kore. Ya mayar wa mai shi ya ce hotunan da aka zuba a ciki suna da kyau.

A gida kuwa gaskiyarsa yake faɗa wa matarsa. "Maman su Auta, mutanen nan tausayi suke ba ni. Su baro ƙasarsu, su sha rana, su sha sauro, su zo su yi ta ihu a kan ganye. Dajin nan ba abin da ya rage a cikinsa. Tun da nake zuwa, ban da biri mai satar burodi, ban ga dabbar kirki ba."

"Kai dai ba ka son a yabe ka," in ji ta.

Abin da ya fi so a sansanin shi ne wurin wankansa. 'Yar kwanar kogi ce a ƙasan tantuna, inda wasu manyan duwatsu masu sulɓi suke tare ƙarfin ruwa. Kullum da safe zai shiga iya gwiwa da soso da sabulu yana 'yar waƙarsa. Duwatsun sukan yi huci, ya san ruwa ne yake bi ta ƙarƙashinsu. Wata rana su yi yawa, wata rana su ragu, ya san cikar kogi ce da janyewarsa. Baƙi sukan taru daga nesa su ɗauki hoto, abin da ya ɗauka rashin ta ido ne irin na wanda ba a ƙasarsa yake ba.

Autarsa ce ta kwance masa aikin. Ta gama karatun jinya ta sami aiki a asibitin ido. Wata rana ta shigo gida da farar rigar aiki, yana zaune a tsakar gida, sai ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Malama. Wa ake nema?"

Ta tsaya tana kallonsa. Ta ɗaga hannu daga inda take. "Baba, yatsu nawa ne nan?"

Ya gane muryar. "Ke Auta, ki matso mana. Wa yake ganin yatsu daga can?"

"Kowa, Baba."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Washegari ta tasa shi a gaba har ɗakin gwaji, aka zaunar da shi a kujera, likita ya ce ya karanta layin farko na allon da ke jikin bango.

"Wane allo?"

"Wanda ke jikin bango, Baba."

"Wane bangon?"

Likitan ya ajiye bironsa ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji amsar, sai ya fita ya kira abokan aikinsa su ma su ji.

Tabarau ɗin da aka yanka masa kaurinsa kamar gindin kwalba. Ranar da ya sa shi ya fito ƙofar asibiti, sai da ya dafa kafaɗar Auta. Ashe bishiya ganye ɗai-ɗai gare ta. Ashe tsakanin turakun nan da yake gaisarwa akwai wayoyi, a kan wayoyin akwai tsuntsaye, tsuntsayen kuma da ido. Ya ga yadda motoci suke gudu a titin da ya saba tsallakawa ba tare da ya waiga ba, ya ce su jira tukuna. Sun daɗe a bakin titin.

A gida ya zauna ya ce wa matarsa abincin jiya gishiri ya ɗan yi yawa. Ta ce to, ta tashi, ta kai ƙofar ɗaki ta juyo kamar yadda ta saba, ta galla masa harara, ta murguɗa baki, ta kwaikwayi yadda yake tauna.

"Maman su Auta, me ya sami fuskarki?"

Ta daskare a wurin.

"Tun yaushe kike yin wannan?"

"Tun muna amarya da ango," ta ce a hankali. "Na ɗauka haƙuri ne da kai."

"Ni kuma na ɗauka tsayawa kike ki ƙara kallona."

Ranar haka suka wuni, ita tana jin kunya, shi yana bin ɗakunan gidan yana duba inda rufi ya tsage.

Da tafiya ta gaba ta zo, Auta ta gargaɗe shi kada ya sa tabarau a cikin jirgi, don kada tabarau ɗin ya faɗa ruwa. Ya sa shi a ɗan akwatinsa ya tura can ƙasan jaka, ya yi jagorancinsa yadda ya saba, ya sauka ya ɗaure jirgi. Sai da gari ya waye a sansani ya ciro shi ya sa, ya zuge zif ya leƙo.

Ya daɗe a tsugune a ƙofar tantin. Bishiyoyin sun yi tsawon da bai taɓa zato ba, igiyoyi suna reto daga samansu, birai ja da baƙi suna bin rassa da 'ya'yansu a ciki. Ashe baƙin nan ba ƙarya suke yi ba. Ya ɗauki soso da sabulu ya rataya tawul, yana tafe yana kalle-kalle. A nan ya lura ramukan da ke tsakanin tantuna, waɗanda ya daɗe yana tuntuɓe da su yana zagin mai haƙa su, duk girmansu ɗaya, kowanne da shaidar yatsu. Sun jeru reras daga ciyawa zuwa ruwa, ta tsakiyar sansanin, ta ƙofar tantinsa.

Ya bi su har wurin wanka. Ya tuɓe riga, ya shiga ruwa iya gwiwa, ya saɓa sabulu a ƙirji, sannan ya tuna bai cire tabarau ba. Ya ɗaga kai.

Dutsen farko yana da kunne. Kunnen ya kaɗa. Na biyu yana da ƙananan idanu, kuma shi suke kallo. Na kusa da shi, babban, wanda yakan ce wata rana zai hau ya shanya wando, ya buɗe baki ya yi hamma. Ba-Gudu ya ga haƙora kamar taɓare, ya ga jan maƙogwaron da zai ɗauke keken ɗinki da mai keken.

Dokar da ya yi shekaru yana koyarwa ta zo masa a rai sarai, ƙafafunsa ne ba su saurare ta ba. Ya ranta a na kare. Ya ratsa sansanin da kumfa a ƙirji, ya tsallake murhu, ya kama wata bishiya da ba ta da reshe sai can sama, ya haye ta kamar da tsani.

Baƙi suna karyawa a lokacin. Duk sun ga allon ƙofar ofis, duk an ba su labarin giwa. Da suka ga mutumin da giwa ba ta tayar ba yana gudu, ba wanda ya tsaya tambaya. Wani ƙato ya faɗa cikin duron ruwa ya ja murfi. Wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda jiya sai da aka ɗauko ta daga jirgi, aka gan ta a saman rumfar girki. Manaja ya dira cikin kwalekwale ya ce wa Kyaftin ya tayar da inji su tafi, Kyaftin ya ce "Madalla," ya ci gaba da goge fulogin injin. Dorinan kuwa ba wadda ta motsa. Babbar ta rufe bakinta ta nutse.

Rana ta take tsaka kowa ya fito daga maɓoyarsa, ban da Ba-Gudu. Kyaftin ya zo gindin bishiyar ya ɗaga kai.

"Sauko, an gama abinci."

"Kyaftin, duwatsun nan dorinai ne."

"Madalla."

Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya maimaita.

"To da mene ne?" in ji Kyaftin. "Ai tun zuwanka su ne."

"Gumaguman kan yashi fa?" ya ci gaba da ɗaga murya.

"Kadoji."

Ba-Gudu ya ƙara rungume reshe. "Giwar nan ta hoto?"

"Giwa ce. Ɗanta ma yana bayanka ranar, bai fito a hoton ba." Kyaftin ya sosa ƙeya. "Ni tun ranar da ka gaida injina ka tambaye shi ya gajiya na gane idonka ba daidai yake ba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In na faɗa maka, wa zai riƙa sauka ya ɗaure jirgi?"

Sai da la'asar aka sauko da shi, da igiya, don hawan ne kawai ya iya. Kafin nan Manaja ya riga ya tara baƙi ya shaida musu atisaye ne kamfani yake yi ba zato, kuma duk sun ci jarrabawa. Tsohuwar nan ta ce ba ta taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba.

Manaja ya ja shi bayan tanti. "Tela, don girman zumunci ka cire abin nan. Ka mayar da shi jaka, mu koma yadda muke."

Ba-Gudu ya gwada. Ya cire, duniya ta koma hayaƙi kamar da. Amma yanzu ya san abin da ke cikin hayaƙin. Kowane kututture ɓauna ne, kowace igiya mesa ce, mai girki ya taho da tire ya ɗauka damisa ce ta miƙe tsaye. Bai kai ga ƙofar tantinsa ba ya mayar da tabarau ɗin, ya ɗaure shi da zaren tamfol ta bayan kai.

"Yaya, ba ya ciruwa," ya ce.

Kowa ya zaci zai ajiye aikin. Shi ma ya zata. Amma ya koma gida ya kasa barci, yana tunanin mutanen da za a ci gaba da shimfiɗa wa katifa a kan hanyar dorina. Tafiya ta gaba sai ga shi a bakin jirgi tun kafin kowa, da rigar ruwa mai hana nutsewa har biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya ce ko a mayar da sansanin kan tudu, ko ya faɗa wa baƙi gaskiya da 'yan kalmomin yarensu da ya tsinta. Aka mayar. Ya hana wanka a kogi, sai da bokiti. Ya sa aka riƙa rataye abinci a saman bishiya nesa da tantuna. In za a zaga daji, igiya yake ba baƙi su riƙe a jere, shi yana tsakiya. Ɗaure jirgi kuwa ya koma wuyan Manaja, wanda yakan daɗe yana jifan yashi da duwatsu kafin ya sauka.

Sunan bai canza ba, don an riga an zana allo. Sababbin baƙi su ga dattijo mai kaurin tabarau yana zabura in ganye ya faɗo, su tambaya ko shi ne na hoton. Manaja ya ce shi ne, kuma duk wanda ya san daji irin saninsa haka yake komawa. Ba-Gudu ya yi ta bin Kyaftin ya je a duba masa kunne, Auta ta san likita. Da dai ya ji abin da ake cewa, Kyaftin ya girgiza kai. "Na ga abin da asibiti ya yi maka," ya ce.

Ya ƙara wasu shekaru a haka kafin gwiwa ta ce ya isa. Da ya sanar zai yi tafiyarsa ta ƙarshe, matarsa ta ce da ita za a je, ta gaji da jin labari. Ya kawo mata dalilai iri-iri, ta saurare shi tsaf tana ɗaure kayanta.

Ya zaunar da ita a tsakiyar jirgi, ya ɗaure mata rigar ruwa har sai da ta ce zai shaƙe ta. Ta ga kadoji ta ce sun yi kama da dangin mijin ƙanwarta. Ta ga dorinai ta ce ƙiba ce kawai. Da yamma, suna dab da masauki, garken giwaye ya sauko shan ruwa a ɗaya gaɓar. Kyaftin ya kashe inji. Rana ta yi ja a kan ruwan, fararen tsuntsaye suna sauka a bayan giwayen, wani ɗan ƙarami yana ta faɗuwa a cikin taɓo uwarsa tana ɗaga shi da hanci. Matar ta ƙura musu ido.

Ba-Gudu yana riƙe da gefen jirgi da hannu ɗaya, ɗayan kuma da bakin zanenta. Amma bai kawar da kai ba.

"Baban su Auta, suna da kyau," ta ce.

"Suna da shi," ya ce. "Ki mayar da hannunki cikin jirgi."